Wa Ya Tsaya wa Jirgin da Ke Ɗaukar Man Agadam?

A watan Mayun 2024 wani katafaren jirgin dakon mai ya tsaya a gaɓar Seme, gabas da Kwatano, aka ɗura masa ganga kusan miliyan ɗaya ta ɗanyen man Nijar. Daga Agadam man ya taso, ya biyo bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa ƙasar Damagaram da Maraɗi da Doso kafin ya tsallaka cikin Benin. Kowa na tune da rigimar da ta dabaibaye wannan lodi. Shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ya ce ba jirgin da zai ɗauki ko ɗigo muddin Yamai ba ta buɗe iyakarta ba, sai da Sinawa suka shiga tsakani. An kwana ana sharhi a rediyo kan iyaka, da kan dala miliyan 400 da kamfanin CNPC na Sin ya ba gwamnatin Nijar kafin alƙalami, da kan kason da zai shigo baitulmali. Tambaya ɗaya ce ban ji an yi ba: idan jirgin nan ya tsage, man ya malale ya rufe gaɓar Benin har ya kai Badagiri, wa zai biya?

Amsar tana cikin wata takarda da kyaftin ɗin kowane jirgin mai ke ajiyewa a ofishinsa. Daban take da inshorar jikin jirgi, wadda ke biyan mai shi idan ya nitse, daban kuma da inshorar kaya da tiransite ke lissafa wa ɗan kasuwa cikin kuɗin fiton kwantena. Wannan ta alhaki ce, wato ɓarnar da jirgi ya yi wa waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba. Mai ya kashe kifin masunta, jirgi ya bangaji gada ko bakin tasha, ko ya nitse ya toshe mashiga, ma'aikaci ya mutu ko ya rasa hannu, duk ita ke ɗauka. Ƙasashe da yawa sun mai da ita sharaɗi: ba takarda, ba shiga. Ana gardama a kan ko wannan sharaɗi adalci ne, ko kuwa wani shinge ne da masu ƙarfi suka kafa a bakin teku don su riƙa tatsar masu wucewa.

Mutumin Mirriya zai iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da ko kogi ba mu da shi. To amma shinkafar Tailan da ke shagon unguwa, da man girkin Maleshiya, da babur ɗin da ke kai mu Damagaram, kilomita 18 kacal, duk a cikin jirgin ruwa suka fara tafiya. Tun daga 2024 kuma har ɗanyen manmu ta teku muke sayar da shi. Duk dokar da aka kafa a bakin tashar Kwatano ko Lome ko Apapa sai ta biyo kwalta ta iske mu.

Dokar kanta daga wani bala'i ta samo asali. A watan Maris na 1967 jirgin Torrey Canyon ya hau kan duwatsu a kudu maso yammacin Ingila da ɗanyen mai tan kusan 119,000. Man ya lulluɓe gaɓar Ingila da ta Faransa, har sai da jiragen yaƙi suka yi wa gawar jirgin ruwan bama-bamai don a ƙone abin da ya rage. Da aka zo neman diyya sai aka rasa wanda za a kama: tutar Laberiya, kamfanin da ke da shi a tsibirin Bamuda, man kuma na wani kamfanin daban. Sai da gwamnatin Birtaniya ta yi kwanton ɓauna wa wani jirgin kamfanin, aka liƙa masa sammaci a Singafo, kafin a zauna sulhu a kan fam miliyan 3. Idan Birtaniya ta sha wannan wahala, ina ga Togo? Daga nan aka ƙulla yarjejeniyar 1969, wadda aka sabunta a 1992: duk jirgin da ke ɗauke da mai fiye da tan 2,000 dole ya nuna shaidar inshora. A 2001 aka ƙara wata a kan man da jirgi ke sha da kansa, ta shafi duk wanda girmansa ya haura tan 1,000. A 2007 a Nairobi aka yi ta kwashe jirgin da ya nitse, daga tan 300 zuwa sama. Tarayyar Turai kuwa tun daga farkon 2012 ta ce jirgin da ya kai tan 300 ba zai shiga tashoshinta ba sai da inshora, ko tutar wace ƙasa ya ɗaga.

Masu goyon bayan tilastawa suna farawa ne daga halin jirgin ruwa. Baƙo ne, yau yana nan gobe ya yi gaba, kuma masu shi sun daɗe da ƙwarewa wajen ɓoye kansu. Attajiri mai jirgi ashirin sai ya buɗe kamfani ashirin, kowane kamfani jirgi ɗaya ne dukiyarsa, ofishinsa kuma akwatin gidan waya ne a wani tsibiri. Ran da jirgin ya nitse, kamfanin ya nitse da shi. Tutar ma saye ake yi. Laberiya ce a yau kan gaba a rajistar jiragen duniya, alhali daga jihar Bajiniya ta Amurka ake gudanar da rajistar. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi ranar Lahadi a Mirriya ya san maganin irin wannan baƙo. Mutum ya fito daga daji da bijimi, ba wanda ya san garinsu. Mahauci zai zagaya sa, ya danna ƙugu, ya buɗe baki ya duba haƙora, amma ba zai zaro ko jika ɗaya ba sai ya ji a turken wane dillali aka ɗaure shi. Dillalin ne zai haɗa hannuwa a yi sallama, ya karɓi la'adarsa. Bayan sati uku, idan wani ya zo da shaidu ya ce sa na sata ne, ba wanda zai shiga daji neman baƙo. Ƙofar gidan dillali za a yi sallama. Aikin da mai inshora ke yi wa jirgi ke nan, domin waɗannan yarjejeniyoyi sun ba wanda aka cuta damar ya kai ƙarar kamfanin inshora kai tsaye, ko da mai jirgin ya ɓace ko ya karye.

Abin da ke faruwa idan babu mai lamuni, Berut ta gani da idonta. A ƙarshen 2013 wani tsohon jirgi mai suna Rhosus, da tutar Maldoba, ya ratse tashar birnin a kan hanyarsa daga Jojiya zuwa Mozambik, ɗauke da tan 2,750 na sinadarin da ake taki da nakiya da shi. Aka tsare shi saboda lalacewa da bashin tasha, mai shi ya juya baya, kyaftin da wasu ma'aikata suka yi wata da watanni a ciki ba albashi. Aka sauke kayan a wani sito, suka shekara shida a nan. Ranar 4 ga Agustan 2020 suka tashi da rabin gari, mutum fiye da 200 suka mutu. Gaskiya ne sakacin jami'an Labanon shi ne babban laifi, ba mai musun wannan. Amma da akwai wani mai ƙarfi a bayan jirgin wanda za a ce wa zo ka kwashe kayanka, da wuya su yi wannan dogon kwana. Yasar da ma'aikata ma bai zama tarihi ba. Duk da cewa tun 2017 doka ta wajabta inshorar da za ta biya su albashi ta mai da su gida, ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya ta ƙirga fiye da mutum 3,000 da aka yasar a cikin jirage a 2024 kaɗai.

Kusa da mu akwai Abijan. A watan Agustan 2006 aka sauke dagwalon guba daga jirgin Probo Koala, aka bi dare aka zubar a juji da kwatami a cikin birni. Hukuma ta ce mutum fiye da goma sun mutu, dubun-dubata suka cika asibitoci. Kamfanin Trafigura da ya yi hayar jirgin ya biya gwamnati sefa biliyan 100 a farkon 2007 ba tare da ya amsa laifi ba, kuma hakan ya zo ne bayan manyan jami'ansa sun yi wata biyar a kurkukun Abijan. Masu son dokar suna cewa ƙasa ba za ta dogara da sa'ar cafke shugaban kamfani ba duk ran da aka yi mata ɓarna. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mai cin ribar teku ya ajiye abin biyan ɓarnarsa tun kafin ya shigo.

Suna da wata hujjar da ba a cika lura da ita ba. Mai inshora ba ya son asara, don haka yakan tura masu dubawa su leƙa injin da ƙarfen jirgi kafin ya sa hannu. Ruɓaɓɓen jirgi ko dai a ƙi shi, ko a tsawwala masa kuɗi har mai shi ya gwammace ya kai shi wurin masu yankan ƙarfe. Tashar da ba ta da isassun injiniyoyi tana cin moriyar wannan bincike a kyauta.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Ƙorafin da ya fi saurin fitowa daga bakin 'yan kasuwarmu shi ne tsada: duk abin da aka ɗora wa mai jirgi, a kan buhun shinkafa zai sauke shi. Ni wannan bai gamsar da ni ba. Jirgi ɗaya na ɗaukar dubban kwantenoni, idan aka raba kuɗin inshorar alhakinsa na shekara a kansu, abin da zai faɗo kan buhu bai kai a yi magana ba. Abin da ke karya mana baya yana kan tudu. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 kaya ke zagayowa ta Lome, su ratsa Burkina da rakiyar soja, su iso Yamai, sannan su kama hanyar kusan kilomita 900 zuwa Damagaram, ga duwan, ga shingaye, ga kwanan jira. Wanda ke neman inda kuɗinsa ke zurarewa, can ya kamata ya duba. Haka ma tsoron da ake yi wa masunta da masu kwalekwale ba shi da tushe, tunda dokokin ba su sauko ƙasa da tan 300 ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma daga abin da ido ya gani ya fito. Ku tsaya a shingen jandarmomi da ke kan hanyar Damagaram ku kalli direban da aka busa wa usur. Zai buɗe aljihun mota ya zaro wata leda da ta sha hannu, a ciki ga lasisi, ga takardar mota, ga ta inshora a ninke huɗu. Jandarma ya duba kwanan wata ya miƙa masa. In Daura za shi ta Matameye, akwai kuma katin inshorar CEDEAO mai ruwan ƙasa, wanda aka ƙirƙiro tun 1982. Shekara da shekaru yana biya. Amma ran da tsautsayi ya sa ya buge yaron wani, a zauren mai unguwa ake gama magana, dangi su yi karo-karo a biya magani, mahaifin yaro ya ce ya bar wa Allah. Da yawa cikin direbobi ba su taɓa tunanin takardar nan tana da wani amfani bayan tsallake shinge ba. Wanda ya girma yana ganin haka, in ka ce masa takarda za ta kare masunta, dariya zai yi maka.

Kuma a teku ma yana da abin kafa hujja. Jirgin Prestige ya karye biyu a gaɓar Sifen a Nuwamban 2002, yana da cikakkiyar inshora daga ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin inshorar jirage na Landan. Kotun ƙolin Sifen ta ɗora wa ƙungiyar alhaki har dala biliyan ɗaya a 2016, ƙungiyar ta ce sam, a Landan za a yi hukunci, aka shafe fiye da shekara 20 ana ja-in-ja tsakanin kotunan ƙasashen biyu. A Moris kuwa, da jirgin Wakashio ya hau kan murjani a Yulin 2020 ya zubar da mai kusan tan 1,000, sai aka tarar tsibirin yana kan tsohuwar yarjejeniyar 1976 ta iyakance diyya, wadda ta tsayar da abin da za a iya nema a wajen dala miliyan 18, alhali da ya sa hannu a sabuwar da ya kai ninki uku ko fiye. Wato doka ɗaya ta tilasta inshora, wata kuma ta yi wa mai jirgi rufin asiri. A Abijan ɗin ma, dubban waɗanda suka sha guba sun ce ko dala ba ta iso hannunsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na yarda da duk wannan, amma ban ga ya kai mu inda masu faɗarsa ke so ba. Sifen ta samu wanda za ta ja har shekara 20 ne saboda akwai shi. Labanon ba ta samu kowa ba. Abin da labarin Moris ke koyarwa shi ne ƙasa ta san takardun da take sa wa hannu. A ɓangaren jiragen dakon mai ma akwai mataki na biyu, wani asusun duniya da ke cike giɓi idan inshorar mai jirgi ta gaza, har zuwa kimanin dala miliyan 270 a hatsari ɗaya. Kamfanonin da ke karɓar mai fiye da tan 150,000 a shekara ta teku su ke zuba masa kuɗi, kuma Najeriya da Gana da Benin duk suna ciki. Ƙasa matalauciya ba ta saka komai daga aljihunta, amma tana da haƙƙin karɓa. Da wuya a samu wani tsarin duniya da ya karkata ga talaka kamar wannan.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne a kan wanda ke ba da takardar. Ƙungiyoyi 12 ne ke riƙe da inshorar alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen duniya. Yawancinsu a Birtaniya suke, sauran a Norwe da Suwidin da Amurka da Japan, ofishin haɗin gwiwarsu kuma a Landan. Ko ɗaya babu a Afirka. Idan tashoshin duniya suka ce sai da takarda, takardar kuma a hannun ƙasashe 'yan ƙalilan take, to waɗannan ƙasashe sun samu makullin kowace tasha ba tare da sun harba harsashi ba. Sun kuma yi amfani da shi. A Yulin 2012 Turai ta hana kamfanoninta yi wa jiragen man Iran inshora, cinikin man ƙasar ya ragu matuƙa. A Disamban 2022 aka ce ba inshora ga jirgin da ya ɗauki man Rasha da aka saya sama da dala 60 ganga. Ko mutum na son Iran da Rasha ko ba ya so, ya ga yadda abin da aka ƙirƙira don kare masunta ya koma makamin siyasa.

A cikin wannan rikici akwai wani abu da ya kamata ya tsaya wa ɗan Nijar a rai. Turkiyya, don tsoron kada jirgi marar inshora ya fashe mata a tsakiyar Santambul, ta ce daga 1 ga Disamban 2022 ba jirgin mai da zai ratsa mashigarta sai da wasiƙa ta musamman daga mai inshorarsa. Ƙungiyoyin Landan suka ce ba za su rubuta irin wasiƙar da ake so ba. Jirage kusan 20 suka yi layi kwana da kwanaki, kuma akasarinsu ba man Rasha suka ɗauko ba, na Kazakistan ne, ƙasar da ba ta da mafita zuwa babban teku, wadda ke tura manta ta bututu zuwa tashar maƙwabciyarta. Ba ta cikin faɗan, amma ita ta sha dukan. Mu da muka ga yadda aka yanke mana wutar Najeriya a Agustan 2023, aka rufe iyakoki, aka daskarar da kuɗinmu a bankin yanki, ba ma buƙatar dogon bayani a kan yadda takunkumi ke aiki. Ran da wasu suka ga dama suka ce ba inshora ga jirgin da ya ɗauki man Nijar, bututun kilomita 2,000 ya zama ƙarfen banza.

Najeriya ma tana da nata kukan, ko da yake a kan wata inshorar ce daban, ta hatsarin yaƙi. Wani kwamiti a Landan ne ke zana taswirar ruwayen da ya kira masu haɗari, ya sa gaɓar Gini a ciki saboda 'yan fashin teku. Fashin ya ragu sosai bayan 2021, Bashir Jamoh ya yi ta kiran a cire ƙarin kuɗin lokacin da yake shugabancin hukumar harkokin teku ta ƙasar, NIMASA, amma har ya sauka a 2024 ana biya. Saka suna a jerin ba wuya, cirewa ce aiki.

Sai dai ku dubi abin da makamin ya haifar. Ɗaruruwan tsofaffin jirage sun fice daga tsarin gaba ɗaya, suna yawo da tutocin Gabon da Kamaru da Komoros da Gambiya, suna kashe na'urar da ke nuna inda suke, suna juye mai daga jirgi zuwa jirgi a tsakiyar teku, da takardun inshora daga kamfanonin da ba a san ko suna da kujera ba balle jari. Ranar 1 ga Mayun 2023 ɗaya daga cikinsu, Pablo, mai tutar Gabon, ya kama wuta ya tarwatse kusa da Maleshiya, ma'aikata uku suka ɓace. Allah ya taimaka ba mai a cikinsa. Gawarsa ta yi watanni tana shawagi, ba a ga mai inshorar da ya fito ya ce nawa ne ba. Ke nan hujjar masu adawa ta juyo ta sare su: tunda irin waɗannan jirage sun yi yawa, yau ne tasha ta fi buƙatar tsayawa ta duba, ta kuma buga waya ta tabbatar, kafin ta bar jirgi ya matso.

Saura maganar addini, wadda ba a gama zance a ƙasar Damagaram ba a taɓo ta ba. Abin sha'awa, a kan jiragen ruwa fikihu ya fara karo da inshora: Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Dimashƙa da ya rasu a 1836, ya tattauna kuɗin da fatake ke biyan wani Bature don ya lamunce musu kayansu a teku, bai kuma halatta karɓar diyyar ba. A 1985 majalisar fikihu ta Jidda ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, ta halatta ta taimakekeniya, irin wadda aka fara a Sudan a 1979. To waɗannan ƙungiyoyi 12 ba kamfanonin neman riba ba ne. Tun daga 1855 masu jirage ne da kansu ke haɗa kuɗi a asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya masa. In kuɗi bai isa ba a sake kiran kowa ya ƙaro, in ya yi rara a rage musu na baɗi. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san diyyar kisan kuskure a kan dangi take, kuma kamar da ke tsakanin abubuwan biyu a fili take. Ba na cewa sun zama ɗaya, domin ƙungiyoyin suna juya kuɗinsu a inda ake cin ruwa, suna kuma sayen kariya daga kamfanonin riba. Hukunci na malamai ne. Amma wanda zai ƙi dokar da sunan addini sai ya faɗa mana wa zai biya diyyar matuƙin da ya mutu a jirgin da mai shi ya gudu.

Ni dai ina tare da tilastawa. Ƙasar da ta bar jirgi marar mai lamuni ya shigo mata ta sa hannu ke nan cewa talakawanta za su biya ɓarnar attajirin da ba su taɓa gani ba. Amma ban yarda a ce takarda ba ta zama takarda sai da hatimin Landan ba. Abin tambaya shi ne ko mai inshorar yana da jarin biya, ko an taɓa ganin ya biya, ko akwai kotun da za ta iya kamo shi. Indiya ta bi wannan hanya, ta tantance wasu kamfanonin Rasha ta ba su izini na ɗan lokaci, ana sabuntawa. Kuma tasha ɗaya ba za ta iya ita kaɗai ba, domin Kwatano da Lome da Tema da Abijan kishiyoyi ne, wadda ta tsananta sai jirage su koma wurin 'yar'uwarta. Don haka aka ƙulla yarjejeniyar Abuja a 1999, ta binciken jirage a tashoshin yammaci da tsakiyar Afirka da ma'auni ɗaya. Aiki da ita ne ya rage.

Ta fuskar manmu, doka ta ɗora alhakin malala a kan mai jirgi, ba a kan mai sayarwa ba. Kada wannan ya sa mu barci. Bayan hatsarin Erika na 1999 kotunan Faransa sun kama kamfanin Total da ya yi hayar jirgin, ba su tsaya kan mai shi kaɗai ba. Ko ba kotu ma, idan man Agadam ya kashe kifin Benin aka rasa mai biya, Kwatano ba ta buƙatar wani dalili kafin ta rufe famfo, kuma wannan karon duniya za ta ba ta gaskiya. Ma'aikatar man fetur da kamfanin SONIDEP su sa a cikin kowace kwangila cewa ba a ɗura wa jirgi manmu sai an tabbatar da mai inshorarsa.

Nijar ba 'yar kallo ba ce a harkar teku kamar yadda muke ɗauka. Ta amince da dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2013, tana kuma da kujera a ƙungiyar sufurin teku ta yammaci da tsakiyar Afirka da aka kafa a 1975, tare da Mali da Burkina da Cadi. Ga kamfanonin inshora irin su Africa Re na Legas da CICA-RE na Lome, ga kuma kamfanonin takaful, wato inshorar taimakekeniya, suna tasowa a Najeriya. Ba jari ko masana aka rasa ba da za a fara asusun lamunin jirage na yankinmu, ko da da ƙananan jiragen gaɓa za a soma. Hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, CNUT, da 'yan majalisar kasuwanci ta Damagaram su rubuta wannan buƙata, wakilanmu su tafi da ita taron ƙungiyar sufurin tekun na gaba.